Sarakuna Tara a Jirgi Ɗaya

Kun taɓa ganin jirgin ruwa ɗauke da masu sarauta tara, babu talaka ko guda da zai tuƙa shi? Ni na gani ranar Asabar da ta wuce, a tafkin da ke bayan Abbey Wood, kuma jirgin namu ne.

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiya ce ta Hausawan London masu sha'awar shiga ruwa, 'yan Najeriya da 'yan Gana. A takarda mun kai mutum arba'in. Muna da jirage uku da filafilan tuƙi da rigunan ceto, duk a wani sito na katako a bakin tafki. Siton ba namu ba ne. Hukumar da ke kula da tafkin ce ta ba mu aro, da sharaɗin mu samar da mutum shida masu aikin sa kai: mai buɗewa da rufewa, mai wanke jirage, mai duba riguna, mai kula da igiyoyi, mai rubuta sunan duk wanda ya shiga ruwa, da mai tsayawa a gaɓa yana sa ido. Shekara uku, mutum shidan nan duk Wahabu ne.

Wahabu mutumin Yeji ne, a Gana. A bakin kogi ya tashi, a nan kuma bas yake tuƙawa. Shi ya liƙe jiragen nan da hannunsa, shi ya yi musu fenti, kuma ranar hutunsa ɗaya tilo a mako a siton yake cinye ta. Sauranmu sai rana ta fito muke zuwa, a zaga da mu, mu ɗauki hoto, mu ci abinci, mu ce masa sannu da ƙoƙari, mu kama hanya.

A farkon watan Yuni takarda ta zo. Wata jami'a mai suna Madam Lovelyn za ta zo Asabar ɗin ƙarshen Yuli ta ga mutum shidan da idonta. In ba ta gan su ba, za ta karɓi makulli ta ba wasu tsofaffin Turawa masu kamun kifi da suka daɗe suna leƙen siton.

Aka kira taro a gidan shugabanmu, Alhaji Zulkiflu. Shi Alhaji ba a minti biyar da shi bai ambaci Yauri ba. A Yauri aka yanke masa cibi. A Yauri ya ƙetare kogin Neja da iyo, da ragon layya a wuya, ragon ko jiƙewa bai yi ba. A Yauri ya taɓa kama kada ta wutsiya ya ja masa kunne. Tun da aka kafa ƙungiyar nan babu wanda ya ga ƙafarsa a cikin jirgi, domin a cewarsa shiga tafki irin wannan raini ne ga mutum irinsa. Hajiya Karimatu, wadda nas ce kuma 'yar Funtua, ta sha rantsuwa cewa ta san gidan su Alhaji a can Funtua, bayan tsohuwar tasha, kuma ruwan da ya fi girma a unguwar shi ne randar babarsa.

Ni ce sakatariya, kuma ban daɗe da gama jami'a ba, don haka na zo da shiri. Na zana jadawali mai launi huɗu. Na kawo shawarar a riƙa tura wa kowa saƙon tuni a waya, a yi yini guda na horo, a ba da takardar shaida. Alhaji ya riƙe jadawalin da yatsu biyu ya duba shi, ya ajiye kofin shayinsa a kai.

"Hamdatu 'yata, karatu kin yi, amma ba ki san Bahaushe ba. Ki ce masa zo ka wanke jirgi, sai ya tuna yana da ɗaurin aure a Birmingham. Amma ki ce za ki naɗa masa rawani, da rarrafe zai zo."

"Rawanin me, Baba Alhaji?"

"Sarauta. Kowane aiki da sarautarsa. Mai igiya Wazirin Igiya. Mai wanki Galadiman Wanki. Mai makulli Ciroma, mai riguna Madaki. Ni kuma, tunda babu wanda ya kai ni sanin ruwa, ba yadda zan yi, sai in ɗauki nauyin Sarkin Ruwan London."

Wahabu ya ce, da irin Hausarsu ta Zangon Gana, "Alhaji, ni ba rawani na so. Mutum biyu na so, su riƙe jirgi ni wanke ƙarƙashi."

"Za ka ga mutane har ka gaji da su."

Hajiya Karimatu ta ce, "To mu mata me aka tanadar mana, ranka ya daɗe?"

"Ke ce Magajiyar Tafki."

"Riƙe abinka. In akwai bokiti da soso, su nake so."

Gaskiya sai a faɗe ta: mutane sun zo. Na tura sanarwa bayan azahar, kafin la'asar mutum ashirin da shida sun nemi sarautu shida. Waɗanda rabonmu da su tun walimar buɗe sito suka ɓullo. Wani daga Luton ya turo hoton kakansa a bakin fada, ya ce Galadima gadon gidansu ne. Dokta Umar Faruq, wanda ke da ɗakin ganin marasa lafiya a Marylebone, ya ce shi bai damu da irin waɗannan abubuwa ba, sai dai zai zama abin kunya ga ƙungiya a ce babban likita, consultant guda, yana zaune aka naɗa wani Waziri. Aka ba shi. Malam Lawal, wanda ya taɓa kulle kansa a wajen gidansa sau biyu a mako ɗaya, ya nemi Ciroman Makulli, kuma ya samu.

Da aka ga waɗanda suka rasa sun fara ficewa daga group ɗinmu na waya, Alhaji ya buɗe buhun sarautu. Aka yi Sarkin Agwagi. Aka yi Turakin Shayi, Makaman Hoto, Tafidan Fakin Mota. Wani dattijo da ya ce shi ruwa tsoro yake ba shi aka ba shi Sarkin Tudu. Aka yi Ɗan Masanin Iska, wanda aikinsa shi ne ya duba wayarsa ya faɗa mana ko za a yi ruwan sama, ya kuma ce zai riƙa yin haka daga gida.

An yi naɗin a wani zaure da aka kama haya a Old Kent Road, a saman wani coci. Sai da aka tara yadin rawani aka gane babu wanda ya iya naɗawa. Aka kira wani tsoho a Zariya ta waya, yana kallonmu muna kallonsa, yana ba da umarni, hoton yana tsayawa yana tafiya. Duk inda hoto ya tsaya, masu naɗi sai su ci gaba da zagayawa har ya dawo. Shi ya sa rawanin Alhaji ya fita da girman tayar mota, kunnuwansa biyu ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon Peckham. Ya tashi ya yi jawabin minti arba'in, rabi a kan kadan nan na Yauri, wanda a ranar ya ƙaru zuwa kadoji biyu.

Asabar ta farko bayan naɗi ita ce ranar aikin gayya. Mutum ashirin da huɗu suka zo. Wahabu ya tsaya a bakin sito yana ƙirga su yana murmushi, har ya je ya ƙaro bokitai. Sai dai kowa da babbar riga ya zo, sabon guga, da takalmin da ba a taka ciyawa da shi. Aka shimfiɗa tabarmi. Aka shiga gaisuwa. Galadima ya gai da Waziri, Waziri ya gai da Madaki, aka dunƙule hannu aka yi wa Sarki jinjina, aka sake zagayowa daga farko saboda Sarkin Agwagi ya makara.

Wajen sha ɗaya Wahabu ya ce, "Malam Lawal, buɗe mana sito."

"Ciroma ake cewa."

"Ciroma, buɗe."

"Ciroma ba ya sunkuya wa kwaɗo a gaban jama'a. Na naɗa wakili."

"Wa ne wakili?"

"Turakin Shayi."

Turakin Shayi ya ce ya karɓa da godiya, amma shi ma mai sarauta ne, don haka ya miƙa wa nasa wakilin, Tafidan Fakin Mota. Tafida ya ce nasa wakilin shi ne Malam Lawal. Aka zauna ana duba yadda za a warware wannan, har Dokta ya ce a kafa kwamiti. Hajiya Karimatu ta sa hannu a aljihun Malam Lawal ta zaro makullin ta buɗe.

Wahabu ya kai wa Galadima bokiti da soso. Galadima ya dubi bokitin, ya dubi hannun rigarsa, ya ce aikin Galadima shi ne ya tabbatar an yi wanki, kuma ga shi ya zo ya tabbatar. Daga nan kowa ya gano ma'anar tasa sarautar. Madaki ya ce a fito da rigunan ceto a jera a gabansa. Waziri ya ce a warware igiyoyi ya gani. Makaman Hoto ya ce a matsar da jirgi wajen haske. Turaki ya ce a dafa ruwan zafi. Duk umarnin nan da kalma biyu yake ƙarewa: kira Wahabu.

Da la'asar Wahabu ya jefar da soso ya tsaya a gaban Alhaji, wandonsa a jiƙe har gwiwa.

"Alhaji, da can ni ɗaya na yi aiki, ba wanda ya dame ni. Yanzu ni ɗaya na yi aiki, mutum ashirin da huɗu na gaya mini yadda za a yi."

"Wannan shi ake kira tsari, Wahabu."

"Hajiya shi kaɗai ya riƙe mini jirgi. Shi da yarinya nan mai takarda."

"Ka ga ai an samu ci gaba. Da babu ko ɗaya."

Na ja Alhaji gefe na ce Madam Lovelyn ba makauniya ba ce, in ta zo ta ga mutum ɗaya na aiki sauran na zaune, makulli ya tafi. Na ce har yanzu akwai makonni, a zaɓi shida a koya musu. Ya shafa gemu, har na ɗauka maganar ta shiga.

"Kin yi gaskiya. Matsalar Wahabu ne."

"Ban ce haka ba, Baba Alhaji."

"In ta ga yana aiki, asiri ya tonu. Ranar ba zai taɓa ko tsinke ba. Za mu naɗa shi, mu zaunar da shi."

Haka kuwa aka yi. Ranar da Madam Lovelyn za ta zo, tun safe aka kama Wahabu aka ɗaura masa ragowar yadi, aka ce shi ne Sarkin Hutawa, aka sa masa kujerar roba a ƙarƙashin bishiya. Alhaji ya kafa doka biyu: Wahabu ba zai tashi ba sai baƙuwa ta tafi, kuma yau babu mai yi wa Sarkin Ruwa magana kai tsaye, sai ta bakin Waziri. Wahabu ya zauna, domin ya san abin da zai rasa in aka yi rigima a gaban baƙuwa.

Gaɓa ta cika. Mata sun zo da kuloli, dangi sun zo daga Woolwich da Barking, tsofaffin masu kamun kifi sun juyo da kujerunsu suna fuskantarmu. Makaman Hoto ya kawo wata ƙatuwar sifika yana sakin algaita da kakaki daga wayarsa. Madam Lovelyn ta iso ƙarfe goma daidai, 'yar gajeriya, da takalmin roba da allon rubutu. Ta dubi rawuna ashirin da wani abu, ta tambaya da Turanci ko biki ta tarar.

Waziri ya ce a'a, waɗannan duk masu aikin sa kai ne.

Ta ce madalla, wa ke kula da rigunan ceto? Madaki ya matso da ƙasaita. Ta ce guda nawa ne? Ya ce suna da yawa, alhamdulillahi. Ta ce yaushe aka duba su? Ya ce ana dubawa. Ta tambayi mai rubuta sunaye ina littafinsa, ya nuna mata sandar girmansa. Ta yi rubutu a allonta, gajere.

Alhaji ya ga abin na neman karkacewa, sai ya raɗa wa Waziri, Waziri ya sanar cewa yanzu Sarkin Ruwa da majalisarsa za su nuna yadda ake fita kan ruwa. Mutum takwas suka kama babban jirginmu, kowa da hannu ɗaya, ɗayan yana tattare riga. Suka ja shi bakin ruwa suna nishi. Aka shimfiɗa darduma mai kauri a baya, inda Sarki zai zauna.

A nan ne Wahabu ya tuna. A ƙasan jirgin ta baya akwai ɗan rami da ake tsiyaye ruwan sama, yana da matoshi na roba. Shi ya cire matoshin ranar Alhamis kamar yadda ya saba, kuma yana aljihunsa. Ya yafuto Dokta.

"Dokta, matoshi bai shiga ba."

"Waziri."

"Waziri, matoshi. Gaya wa Alhaji."

"Ni igiya ce tawa. Ƙasan jirgi na Galadima ne."

Aka kira Galadima. Ya ce shi wanki ne nasa, rami ba wanki ba ne, duk abin da ake buɗewa a rufe na Ciroma ne. Aka kira Malam Lawal. Ya ji daɗi ƙwarai da aka san hurumin sarautarsa. Ya karɓi matoshin da hannu biyu, ya jefa a aljihu.

"Ciroma, yanzu za ka sa."

"Za a sa a lokacin da ya dace."

Madam Lovelyn ta ce jirgin mutum shida yake ɗauka, kuma babu mai taka shi sai da rigar ceto. Aka rarraba riguna. Babu wadda ta zagaye babbar riga mai aska tara da tumbin da ke ƙarƙashinta. Wasu suka rataya a wuya, Dokta ya sa tasa a hannu kamar agogo. Ta ce waɗannan ba su yi ba, kada kowa ya motsa, bari ta duba ko akwai manya a sito.

Tana juya baya Makama ya ce a shiga a ɗauki hoto kawai, tunda jirgi a ɗaure yake. Aka tura shi ruwa. Sarki ya shiga, an riƙe shi ta hammata biyu, idonsa a rufe. Ya ce addu'a yake. Waziri ya bi shi, Galadima ya ce ba a raba shi da Waziri, Madaki ya ce in Galadima ya shiga shi ma dole. Aka zauna bisa girma, manya a baya kusa da Sarki, ƙanana a gaba. Da yake girman sarauta a ƙungiyarmu da girman jiki suke tafiya, hancin jirgi ya ɗaga sama. Na ƙirga su, tara.

Wahabu ya miƙe daga kujerarsa, doka ko ba doka, ya fara kiran Alhaji. Kakaki na tashi daga sifika, kunnuwan Alhaji na ƙarƙashin yadi kamu goma sha biyu. Ya hango Wahabu na ɗaga hannu, ya ɗauka jinjina ce, ya ɗaga masa nasa.

Shi kuwa Dokta Umar Faruq, makonni shida yana riƙe da sarautar igiya bai taɓa igiya ba. Ya hango Madam Lovelyn ta fito daga sito da allonta, ya ga dama ta samu ya nuna yana aiki. Ya miƙa hannu ya kwance.

Iska ta ɗauke su a hankali. Filafili biyu ne a cikin jirgin, aka fara miƙa su daga hannu zuwa hannu. Sarkin Agwagi ya ce shi tsuntsaye ne nasa. Madaki ya ce kafaɗarsa. Galadima ya ce ba ladabi ba ne a yi tuƙi a gaban wanda ya ƙetare Neja da rago. Kowa ya yarda da wannan, aka ɗora wa Alhaji filafili a cinya.

Ya kama shi ta tsakiya, ya riƙa soka shi a ruwa tsaye, kamar mai daka a turmi. Jirgi ya juya sau ɗaya. Ya canza gefe, ya juya ta ɗaya hannun. A zagaye na uku filafilin ya kuɓuce ya yi gaba abinsa.

Hajiya Karimatu ta tattara hannu a baki ta ce, "Ranka ya daɗe, haka ake yi a Yauri?"

Daga gaɓa muna iya jin su, domin Makama ya kashe sifika don ya ɗauki bidiyo da kyau. Dokta ne ya fara cewa takalminsa ya jiƙe. Galadima ya ce nasa ma. Malam Lawal, daga can gaba, ya laluba aljihu ya ɗaga matoshin sama ya ce lokaci ya yi. Sai dai ramin yana ƙarƙashin darduma, darduma na ƙarƙashin Sarki, kuma babu wanda ya san wa ke da hurumin ce wa Sarki ya tashi. Ciroma ya miƙa wa Madaki matoshi, Madaki ya miƙa wa Galadima, Galadima ya miƙa wa Waziri. Waziri ya sunkuya ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, in ba damuwa a ɗan gyara zama."

Alhaji ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu ya ce ko kakansa ne ya dawo duniya ba zai motsa ba.

Aka shiga kwarfar ruwa da huluna. Hular zanna ba ta riƙe ruwa, wannan ma mun koya ranar. Madaki ya miƙe don ya ceci wayarsa, duk suka karkata gefe ɗaya, bayan jirgi ya nutse a nitse, ba gaggawa, kamar mai shiga wanka. Sarakuna tara suka zube.

Takwas suka miƙe tsaye, domin ruwan wajen iya ƙugu ne, sauran taɓo. Na tara ya ƙanƙame wuyan Dokta yana salati da ƙarfi, yana cewa a kula da iyalinsa, a gaya wa ƙaninsa ya yafe masa.

"Alhaji, sauke ƙafarka," in ji Dokta. "Akwai ƙasa."

"Babu."

"A kanta nake tsaye. Sake ni, kana shaƙe ni."

Jelar rawanin Alhaji ta kwance ta biyo ruwa har kusa da gaɓa. Ɗaya daga cikin tsofaffin masu kamun kifi ya sa ƙugiyarsa ya jawo ta, mutane suka kama suna ja da niyyar ceto. Suka yi ta ja, yadi na zuwa, Alhaji na nan inda yake, kansa kawai ke juyawa. Da yadin ya ƙare suka tsaya riƙe da shi, shi kuma ga shi can da sanƙonsa a rana.

Wahabu ya riga ya cire nasa rawanin ya yar. Shi da Hajiya Karimatu suka tura ƙaramin jirgi, ni na tsaya a gaɓa da igiya. Cikin minti goma suka kwaso su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji aka fara ɗaukowa, a kwance, domin ya ƙi zama. Masu kamun kifi suka yi tafi cikin ladabi. Takalma bakwai suna cikin taɓon har yau.

Madam Lovelyn ta tabbatar kowa na numfashi, ta sa aka lulluɓe su da barguna. Sannan ta tsaya a gabansu ta karanta abin da ta rubuta. Masu muƙami da ta gani, ashirin da bakwai. Masu aiki, uku. Sharaɗi shida ne. Ta miƙa hannu ta ce makulli.

Aka waiwayi Ciroma. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya dubi tafki.

Wahabu yana da na biyu a ɗaure a wuyansa da zare. Babu wanda ya san da shi, kuma babu wanda ya tambaye shi. Ya tsaya ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya ciro, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya sa mata a hannu. Ita da kanta ta kulle siton. Ta dube shi ta ce, saboda abin da ta ga ya yi a ruwa, ba za ta ba kowa makullin ba tukuna. Zai zauna a teburinta mako uku. Ranar Asabar ta uku za ta dawo, in ta ga mutum shida kowa na yin aikinsa da hannunsa, ta mayar. In ba haka ba, mu kwashe jiragenmu.

Alhaji, daga cikin bargo, haƙoransa na kaɗawa, ya ce laifin ruwan ne. Ruwan Turawa ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar mutum kamar na Yauri. Ya ce kuma ya gano inda aka yi kuskure: ba a naɗa Sarkin Matoshi ba, kuma yana da mutum a zuciyarsa.

Hajiya Karimatu ta ce, "Alhaji, sha shayinka. In ka ƙara cewa Yauri, zan kira yayarka a Funtua in sa ta a sifika."

Ya sha shayinsa.

Jiya na bi ta bakin tafki. Babban jirgin na kife a ciyawa, domin babu inda za a sa shi. Wahabu na zaune a gefensa yana kankare taɓo da cokali, kayan aikinsa duk suna kulle a ciki.

Muna da uku: shi, Hajiya Karimatu, da ni. Saura uku, kuma saura mako biyu da 'yan kwanaki. Ba sai ka iya iyo ba, ba sai ka taɓa shiga jirgi ba, Wahabu zai koya maka a safiya ɗaya. Awa biyu ne, Asabar ɗaya a wata. Mu haɗu a bakin sito Asabar mai zuwa ƙarfe tara, da tsohon wando da takalmin da ba ka tausayi. Kafin Alhamis ka turo mini aikin da za ka ɗauka, da sunanka, wanda aka raɗa maka ranar suna, ba tare da komai a gabansa ba.